Kujerar Abrar Da Takardar Da Kakana Bai Taho Da Ita Ba

Zuwa ga Magatakardan kwalejin da ta yi wa 'yata alkawarin gurbin karatun likita,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan ofishinka, har da bawan Allahn da ke ɗaukar wayarku ya ce a sake kira ranar Litinin.

Ban ambaci sunan kwalejinku ba, don ba tozarta ku na zo yi ba. Kun san kanku, kuma duk uban da ya zauna taronku a Jidda ya san ku. Ni ne mahaifin Abrar, ɗalibarku. A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya taho hajji a ƙafa, ya sauke farali, bai koma ba. Ina kula da sito a wani kamfani a unguwar masana'antu ta Jidda, da fasfon Nijeriya a aljihu da iƙama, wato takardar zama, a ƙarƙashin kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini. Sau uku na rubuto muku da Turanci, shiru. Wannan karon na yi da Hausa, kuma a bainar jama'a.

Na farko, yadda aka yi muka zaɓe ku. Bara wakilinku ya zo umara, ya tara mu bayan la'asar a saman wani gidan abinci a Bab Makka. Ya ce duk ɗalibin da ya gama shekarar share fage da makin da kuka gindaya, gurbinsa a ajin likitanci tabbas ne, babu wata jarrabawa, babu neman hanya. Wani dattijo ya tambaye shi game da 'ya'yanmu haifaffun nan. Wakilin naku ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Baba, ai ku 'yan gida ne." Daɗin maganar nan ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Shekara hamsin da ɗoriya ban taɓa jin mai hatimi ya kira ni ɗan gida ba.

A lokacin Abrar ta riga ta sami wuri a wata jami'a a Masar. Can take so, domin da Larabci ta yi karatunta kaf. Hausa tana ji sarai, amma in za ta mayar sai ta tsaya laluben kalma. Sai dai can babu tabbas, sai an fafata bayan shekarar farko. Mahaifiyarta ta ce mini, "Ya Abu Abrar, bar yarinya ta tafi inda bakinta ke buɗewa." Na ɗauko yarjejeniyarku na shimfiɗa musu. Ni mutum ne da ke karanta har takardar cikin kwalin maganin mura, gaba da baya. Na karanta taku sau uku, na nuna musu hatimi, na ce halas, magana ta ƙare. Mu mutanen nan da tsoron takarda aka raine mu, kuma da yarda da ita. Abrar ba ta yi gardama ba. Ta bar gurbin Masar ya wuce.

Na biyu, ta cika nata. Makinta yana gabanku, ya haura abin da kuka nema. Ta yi shekara a garin da ba ta san kowa ba, 'yan ɗakinsu suna kiran ta Balarabiya, ita da a nan ake ce wa Takaruriya, wato 'yar baƙaƙen Afirka. Ba ta kawo mini ƙara ba ko sau ɗaya.

Na uku, kuma nan ne ciwon. Da aka zo fitar da sunayen ajin likitanci, sai aka ce guraben kashi biyu ne: na 'yan ƙasa da na baƙi. Ta je layin 'yan ƙasa, aka ce ta kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumarsu. Ta je layin baƙi, aka duba fasfonta aka ce ai ke 'yar Nijeriya ce. Na koma na karanta yarjejeniyar karo na huɗu. Babu inda aka ambaci wannan takarda. An ce mini ba a rubuta ba ne don kowa ya san da ita. Ranka ya daɗe, wannan kowan bai haɗa da mu ba.

Mun nema. Abin da kakana ya bar mana na kwatance shi ne sunan ƙauye, da cewa kwana biyu ne a ƙafa daga Kano, kuma akwai tsamiya a bakin rijiya. Wani maƙwabcina mai sayar da yadi a kasuwar Balad ya sa yayansa ya hau babur ya bi mana sawu. Ya sami ƙauyuka uku masu wannan suna, kowanne da tsamiyarsa. Dagatai biyu sun ce ba su da labarin wani da ya tafi gabas bai dawo ba. Na ukun, Allah ya saka masa, ya ce zai sa hannu, in dai za a rubuta cewa a gidansu aka haifi uban yarinyar. Ma'aikacinku da Abrar ta gaya wa haka ya ce mata to me take jira.

Ba zan yi muku wa'azi ba, don ba waliyyi ba ne ni. Tsoro ne ya hana ni. Fasfona ya ce Jidda aka haife ni, iƙamata ma haka. Na ga gidan da harafi ɗaya ya sha bamban tsakanin fasfo da iƙama, suka yi shekaru suna hawa bene suna sauka. Yarinyar da za ta nemi lasisin aikin likita wata rana, a can ko a nan, ba zan sa mata takardu biyu masu ƙaryata juna a jaka ba. In ku a wurinku wannan ƙaramin abu ne, mu shi ke tashin gida.

Na huɗu, lokaci. Abrar a ƙarƙashin iƙamata take. Iƙamar tawa saura mako bakwai ta ƙare, kamfaninmu kuma ya canza hannu, ana cikin mayar da mu ga sabon kafili. Mai bin takardun kamfani kullum amsarsa ɗaya, bukra in sha Allah, kuma goben nan tasa ta fi Litinin ɗinku nisa. Bizarta ta fita da dawowa ba ta wuce ranar da iƙamar za ta mutu. In ba ta shigo kafin nan ba, ƙofar garin da aka haife ta na iya rufuwa, ban san ranar buɗewa ba. In kuma ta taho, ƙa'idarku ta ce wanda ba ya nan ranar tantancewa ya sarayar da gurbinsa, ranar tantancewar kuwa sai kwamiti ya zauna, kwamitin kuwa ba wanda ya san ranar zamansa. Ni kaina ba ni da halin fita in zo in tsaya a ƙofar ofishinka, sai an gama juya takarduna. Ina zaune cikin sito ina ba direbobi takardar fita da kaya, ni babu mai ba ni.

Don haka ga roƙona.

Ku zaɓa mata layi ɗaya. In 'yar ƙasa ce, fasfonta ya isa shaida, hukumar ƙasar ce ta ba ta. In baƙuwa ce, ku sa ta cikin baƙi. Mun saba, ba za mu ji ciwo ba. In kuwa duka biyun ba za su yiwu ba, ku ce a'a, a rubuce, da sa hannu, kafin ƙarshen wannan wata. A'a ma amsa ce, mutum na iya ɗaukar ta ya hau jirgi. Sannan kafin wakilinku ya sake zuwa umara, ku ƙara layi ɗaya a yarjejeniyar, domin akwai iyaye a Jidda da Makka da ke shirin sa hannu, kuma kakanninsu ma a ƙafa suka zo.

Na kama mata kujerar jirgi ta mako na shida. Jiya ta kira ni ta ce, "Abuya, in ɗaure littattafaina ne, ko in bar su a ɗaki?" Na ce mata ta ba ni kwana biyu. Ni na zaɓa mata ku, kuma yau ba ni da abin da zan gaya mata sai abin da ya fito daga teburinka.

Allah ya yi maka jagora, ya sauƙaƙa maka nauyin kujerarka, ya sa 'ya'yanka kada su taɓa tsayawa a gaban wani tebur a rasa layin da za a sa su.

Wassalam.

Naka,
Abu Abrar,
Jidda.