Makunnin motar Baba

Laraba da dare, Tsarnawa

Yau munka tura tsohuwar motar Baba har garejin Illiya, don kwanan nan da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Illiya ya ce yana zargin ɗan makunnin da iskar inji ke ja, kuma irinsa ko a Konni ba a samu. Allah ya gani, daɗi na ji. In ya lalace motar ta kwanta ke nan, ni ko in tahi Malbaza, inda anka yi mini alkawarin tuƙin kamiyo, babbar motar ɗaukar siminti.

Illiya ya miƙo mini tiyon makunnin ya ce, "Tsotsa, Sani. In ya yi ƙas, lahiyarsa lau."

Na tsotsa a hankali, ina addu'ar kada ya yi ƙas. Ya yi ƙas. Ashe bakin tiyon ne ya tsage. Illiya ya yanke wurin ya mayar, inji ya zauna daram.

Baba ya dafa ni yana dariya. "Ka gani? Ba ta gaji ba. Gobe ka ɗauko masu tallan nono daga Alela."

Na ce, "To, Baba." Tunda idonsa ya raunana, wa zai tuƙa ta in ba ni ba? Gobe sai in kira Malbaza su ba wani aikin.