Taku Bakwai daga Turken Lantarki

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta sake ajiye min takardar asibiti kan tabarma. Wai lokacin leƙa maƙogwaro ya wuce da wata biyu. Shekara biyu da cire min ciwon dajin nan, ina ci ina sha, me za su leƙa? Ta ce, "Baba, muryarka ta dishe." Mura ce.

Alhamis, 6 ga Maris
Masu gyaran famfo sun zo. Bututu ya fashe bayan makaranta, rami uku ba su same shi ba. Na nuna da sanda: taku bakwai daga turken lantarki. Ni na binne shi, shekara arba'in ke nan. Babbansu ya ce in bari a rubuta duk inda na binne bututun unguwar nan. In an rubuta, wa zai ƙara neman ƙofata? Ban taɓa shiga aji ba. Wannan rubutun ma Auta ce ta koya min, lokacin da aikin tiyata na farko ya hana ni magana.

Talata, 11 ga Maris
Na je asibitin, don Auta ta daina ɗaure min fuska.
Likita ta fesa min magani a hanci, ta zura siririyar waya mai fitila da kyamara. Na ce ni ma haka nake wa bututu, sai dai shi ba ya hawaye. Ta danna wani abu, hoton ya koma kore, jijiyoyin jini suka fito kamar layukan unguwarmu. A gefe guda, 'yan ɗigo-ɗigo masu duhu. "Baba, da farar fitila ba a ganinsu." Na gane. Damshi ne kafin fashewa.

Laraba, 19 ga Maris
Sakamakon naman da suka gutsura a maƙogwarona ranar Juma'a ya fito. Shi ne, ya dawo.

Alhamis, 20 ga Maris
Wai ƙarami ne, ta baki za a cire, ba sai an yanka wuya ba. Murya fa? "Yawanci tana dawowa." Yawanci.
Auta ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa, da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 23 ga Maris
Jibi ne aikin. Na sa an kira babban masu famfo, ba don komai ba, zaman ne ya ishe ni. Ya zo da littafi. Bututun layi huɗu muka gama rubutawa murya ta ƙare, saura goma sha tara. Inda na ce taku bakwai, ya auna da ƙafarsa ya samu tara. Gajere ne.
Na ce gobe ya zo da wuri, ya taho da tef ɗin awo.