Motar Auta Tana Gyaɗa Kai

Litinin, 1 ga Satumba

Yau mota ta shigo gida. Fara, 'yar madaidaiciya. Ta hannu ce, amma wanda bai sani ba zai rantse daga kamfani na ɗauko ta. Ni na zaɓe ta da idona, ban ɗauki makanike ba. Dillalin har da tambayata wai ina wanda zai duba mini. Na ce masa tun ban fara aske gemu ba nake kokawa da ƙarfe, wa zai duba mini ƙarfe? Na kwanta a ƙasa na leƙa cikinta. Da an taɓa ɗinke ta da wuta da na gani, walda ce sana'ata.

Ta Auta ce. Ita kaɗai ta rage mana a gida, yayyenta duk sun watse. Tunda ta samu aiki a ɗakin gwajin jini na asibitin can ƙarshen gari, bas take canzawa a hanya, safe da yamma. Na miƙa mata makulli a gaban uwarta, ta daka tsalle kamar ba ma'aikaciya ba. Tuƙin ma ni na koya mata bara, a tsohuwar motar kaya ta shago.

Ni da na fara da injin walda na aro a bakin titi. Yau 'yata na da mota.

Alhamis, 4 ga Satumba

Auta ta dawo wai, "Baba, sandar giyar nan gyaɗa kai take yi." In ta taka totur sandar ta ja baya, in ta ɗaga ƙafa ta koma gaba, kuma wai akwai wani abu da ke cewa gwaf daga ƙasa. Na ce mata mota sai an saba da halinta. Yaran yanzu ko ganye ya faɗo kan rufin mota sai sun ce inji ne.

Asabar, 6 ga Satumba

Na ja ta da kaina zuwa shago. Gaskiya ne. Ina sakin kuloci, gwaf, har a tafin ƙafata na ji. Na ɗora hannu a kan sandar, tana motsi ita kaɗai kamar mai amsa gaisuwa.

Ranar da na saya ba ta yi wannan ba. To, titin can santsi gare shi, a hankali muka tafi, dillalin kuma bai rufe baki ba, ga rediyo a kunne. Amma da akwai da na ji. Kunnena ba ya kuskure ƙarar ƙarfe.

Saura abu ɗaya ke nan: ƙafar direba. Tun ina koya wa Auta nake cewa kuloci lallaɓa shi ake yi, ba a fizge ƙafa kamar an taka garwashi. Da na dawo na faɗa mata haka a falo. Na ce mota ko sati ba ta yi ba kin kashe mata giyabos. Ta ce ita ba ta fizga. Na ce to aljanu ne suka fizga? Kawo makullin.

Ta ajiye a kan tebur, ba ta ba ni a hannu ba. "To, Baba." Shi ke nan.

Uwarta ta bi ni da ido har na shige ɗaki. Ta yi ta kallo, ni na san abin da nake yi.

Lahadi, 7 ga Satumba

Yini guda a ƙarƙashin motar. Salansa, bututun hayaƙi, na ɗan lilo, na ce yauwa, ga ɓarawon. Na yanko ƙarfe na yi mata maƙali sabo, walda mai kyau kamar ɗinkin tela. Ko kamfanin da ya ƙera motar bai yi irinsa ba.

Na fita gwaji. Gwaf.

Talata, 9 ga Satumba

Ba shaf mai juya tayoyin gaba ba ne. Na murɗe sitiyari har ƙarshe na yi ta zagaye a filin bayan shago, dama da hagu, babu ƙas-ƙas. Na ɗaga ta da jak na girgiza tayoyin gaba, daram suke. Shokazoba ma ba ya zubar da mai. Komai na bi shi ɗaya bayan ɗaya, yadda masu ilimin abin suke yi, ni da na tsaya a sakandare.

Dogo makanike, wanda garejinsa ke jikin shagona, ya leƙo yana goge hannu. "Injiniya! Tun daga kwana nake jin amaryar taku tana sallama. Kawo ta in sauke giyabos mu ga hanjinta." Wai da na je da shi ranar sayayya da ba haka ba. Na ce masa motar lafiyarta ƙalau na kawo ta, yarinya ce ta lalata ta da ƙafa. Ya yi dariya har yana riƙe ciki.

Ba zai taɓa ta ba. Dogo in ya sauke giyabos sai ya yi ragowar noti cikin gwangwani.

Juma'a, 12 ga Satumba

An yi ruwa. Auta ta shigo jiƙe sharkaf, takalmi a hannu. Ta gaishe ni yadda ake gaida maƙwabci, ta wuce.

Lahadi, 14 ga Satumba

Uwar yara ta same ni ina shan shayi, ta zauna, ta kwashe labari ta faɗa mini. Ashe Dogo ya ga Auta a tashar bas, ya ɗaga murya a gaban mutane wai, "Direba, ya ƙafa? An ce giya kike ci da safe!" Mai kantin layin shagona ma ya ɗauka, har da masu wankin mota.

Auta ta yi magana da gwaggonta, ƙanwata, wadda gidanta ke kusa da asibitin. Akwai ɗaki. Ƙarshen wata za ta koma can.

Na ce wa ya ba ta izini? Uwarta ta ce, "Izini za ta zo nema, kuma kai ma ka san ba ka da hujjar hanawa. Ka saya mata mota ka ƙwace, ka kuma kai sunanta bakin titi." Na ce ni ban kai sunan kowa ko'ina ba, magana ɗaya na yi da mutum ɗaya. Ta ce, "Da Dogo. Ai gara ka hau rufin shago da lasifika."

Gidan nan ni na gina shi, kowane ƙyaure da taga da hannuna na ƙera. Ɗaki har ɗaki. In ta tafi sai mu biyu da agogon bango.

Laraba, 17 ga Satumba

Yau na gano shi, kuma ba wanda ya nuna mini.

An ɗauke wuta, muka tada janaretan shago. Ina ɗora masa injin walda sai ya zabura, ya daki firam ɗinsa. Na duƙa, ashe robar ƙafarsa ɗaya ce ta tsage. Na tsaya da sandar walda a hannu kamar an dasa ni. Sandar giya ai jikin giyabos take, giyabos kuma jikin inji. In sanda na gyaɗa kai, ba ita ke motsi ba, injin ne gaba ɗaya yake tashi yana zama. Shi ma a kan robobi masu kauri yake zaune. In ɗaya ta mutu, kana taka totur zai ɗaga kafaɗa ya daki ƙarfe. Gwaf ɗin ke nan.

Dogo da takardar shaidarsa a bango, giyabos zai sauke!

Sai dai roba irin wannan ba ta mutuwa cikin sati. Wannan ban so tunaninsa ba. Sai na gani da ido tukuna.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ga matsalar. A tsaye ba a ganin komai, injin ya danne robar. Sai mutum ɗaya na ciki ya taka birki, ya sa giya ta ɗaya, ya riƙa sakin kuloci kaɗan-kaɗan har injin ya yunƙura, wani kuma yana gaba da bonet a buɗe yana kallo. Ni ɗaya ba zan rabu biyu ba.

Na jingina waya a kan lagireto, tankin ruwan inji, ta ɗaukar mini hoto. Yunƙurin farko ta kife. Na samu bidiyon rufin gareji mai kyau ƙwarai.

Uwar yara ba ta tuƙi. Ma'aikatan shago in na kira ɗaya, kafin azahar layi ya ji. Dogo kuwa ko a mafarki.

Asabar, 20 ga Satumba

Na tsaya a ƙofar ɗakin Auta na ce ina neman direba. Tana ninke kaya. Ta ce, "Ni, Baba?" Na ce akwai wani direban a gidan nan?

Garejina ƙunci gare shi, daidai mota na auna shi. In an buɗe bonet, bango dama bango hagu, kuma robar da nake zargi tana can ƙasa ta gaba, bayan lagireto. Ba wurin tsayawa sai tsakanin bamba da teburin aikina na ƙarfe, wanda ke kafe a bango. Na yi mata bayani. Ta kalli wurin, ta kalle ni.

Ta ce mu fitar da motar tsakar gida in tsaya daga gefe. Na ce daga gefe ba a gani. Ta ce, "Baba, kai ka ce fizgar ƙafa nake yi. In na fizga, ƙafafunka ne tsakanin mota da tebur." Na ce shiga ki taka birki, ni na koya miki.

Ba ta shiga ba sai da ta ɗauko bulo ta tare tayoyin gaba, ta ja birkin hannu har ya yi ƙara. Na ƙyale ta, saboda uwarta da ke bakin ƙofa tana ta salati tana cewa wannan wane irin ganganci ne da tsufa.

Na duƙa da tocila. Bonet ya tare, ba na ganin fuskarta, ita ma ba ta ganina. Gwiwata na taɓa bamba.

Na ce, "Saki a hankali."

Ban taɓa jin an saki kuloci haka ba. Kamar ana zare zare daga allura. Muryar injin ta sauka, ta yi nauyi, sai ga shi ya ɗago gaba ɗaya kamar sa zai tashi daga kwance. Robar ta buɗe baki, yatsana biyu za su shige. Ta mayar da ƙafa, ya faɗo. Gwaf. Na ce sake. Ta sake. Na ce ribas. Ta sa.

Motar ko faɗin farce ba ta matsa ba. Bulon ma bai san an ajiye shi ba.

Na ce ta kashe ta zo ta gani. Na sa ƙarfe na ɗan ɗaga injin, na haska mata. Cikin tsagewar ya bushe ya yi fari-fari, ƙura ta daskare, ƙarfen ciki ya yi tsatsa ja. Ta daɗe tana kallo, irin kallon da nake jin tana yi wa jinin mutane a wurin aiki. Ta ce, "Wannan tsagewar ta yaushe ce?"

Na ce tsohuwa ce.

Ta jira ko akwai saura. Na ce ta miƙo mini sifana.

Talata, 23 ga Satumba

Na sa sabuwa da hannuna. Na tallafe injin da jak da guntun katako, na kwance, na ɗaura. Na zagaya gari har kan titin nan mai ramuka. Tsit. Sanda ta tsaya ƙyam kamar soja.

Tsohuwar robar na kai wa Dogo, na ajiye masa a kan benci lokacin da masu wankin mota da mai kanti ke zaune. Na ce ga giyabos ɗin da za ka sauke. Na ce su duba tsatsar da kyau, wannan ta girmi lasisin 'yata. Na ce kuma duk layin nan ba mai ƙafar kuloci irin tata, har da masu takarda a bango, ni na tsaya a gaban mota na gani. Dogo ya juya robar ya ce, "To Injiniya, wa ya sayo motar da wannan a ciki?"

Na ce ina da aiki a wuta.

Litinin, 29 ga Satumba

Makulli yana hannun Auta tun ranar Laraba. Uwarta na ba, ta kai mata, ni ina sauri.

Jiya gwaggonta ta bugo waya wai a share ɗakin ne ko yaya. Ba saurare nake ba, bangon falo ne ba kauri. Na ji Auta ta ce, "Ki bar shi tukuna, Gwaggo." Tukuna. Ban so kalmar ba, amma ba a tambaye ni ba.

Yau na ce ta sauke ni a shago, don ƙarar mota an fi jin ta daga kujerar gefe. Ba ƙara. A mahaɗar kasuwa wani mai babur ya shigo mata, da za ta tashi ta ɗan yi saurin ɗaga ƙafa, motar ta zabura kaɗan. Na buɗe baki. Ta juyo tana jira.

Na nuna mata ƙyauren wani gida a tsallaken titi, na ce dubi wannan walda, ko wane ne ya yi ta bai iya ba.