Suwaitar da Na Zaɓa wa Yaya

Litinin, 4 ga Nuwamba

Yaya ta kashe mini suwaita. Ban san wata kalmar da zan sa ba.

Shuɗiyar nan ce da Abba ya kai ni na zaɓa da kaina bayan sakamakon jarrabawa. Mun shiga shago mun fita har Abba ya fara duba agogo, amma sai da na yi duk abin da Malamar sana'ar gida ta koya mana. Na goga ta a wuyana, ba a tafin hannu ba, don hannu ba ya jin kaifin zare. Na ja bakin hannun na saki, ya koma yadda yake. Ɗinkin kafaɗa ya zauna daidai a kan ƙashi. Ulun gaske, mara nauyi, kamar ba ka sa komai ba amma sanyi ba ya ratsa ka. Na ce wannan har in gama makaranta.

Jiya Yaya ta ɗauka ba ta tambaye ni ba. Ta zubar mata da shayi, sai ta jiƙa ta a ruwan zafi don kada in gani, ta cuɗe, ta murɗe ta kamar tsumman goge daɓe. Yanzu ta tsuke, ta yi kauri, hannun iyakarsa gwiwar hannuna.

Da na nuna mata, dariya ta yi har da riƙe ciki. Malama take ce mini don tsokana. Wai, “Malama, ki ajiye wa ɗanki na fari mana.” Umma ta ce ai ba da gangan ta yi ba. Ni kuwa na tsaya kamar turmi. Maganar da zan faɗa mata ta ƙi fita, kamar kullum.

Talata, 5 ga Nuwamba

Da ita na je makaranta, ba ni da wata. Wadda muke kira Rediyo, mai zama a bencin bayana, ta tambaye ni da ƙarfi ko ni ce na girma a dare ɗaya. Har 'yan aji na ƙasa sun leƙo. Na cire ta na cusa a jaka, na yi darasin farko haƙorana na haɗuwa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Yaya ba ta ce in yi haƙuri ba. Ko da wasa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na ɗora ruwa a wuta da safe, na ɗauko farin mayafinta mai laushi. Na tsaya ina kallon tukunyar. Na mayar. Ba tausayi ba ne, za a gane ni ce, kuma Umma za ta ce ƙarama ta yi wa babba rashin kunya. Ina son abin da ba wanda zai iya nuna ni da yatsa. Zan jira.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Yaya ta sami aikin da take nema, a teburin karɓar baƙi na wani ofis. Gwaji za su fara yi mata tukuna kafin su tabbatar da ita. Ta je ta ga wurin, wai na'urar sanyi a saman kanta take, tana hura mata kai tsaye, kuma ba a yarda a rage ba. Umma ta ce lallai ta sayi suwaita mara nauyi da za ta hau kan kayan aiki, ta kuma ce, “Ki tafi da ƙanwarki, ita ta san kan waɗannan abubuwan.”

Na ce to, Umma. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata.

Fatar wuyan Yaya ba ta son komai. Ko sarƙa ta sa, sai ta yi ja. Duk gidan nan an sani, ita ce kawai take mantawa idan ta ga abu mai ƙyalli.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An gama.

Shagon da na sayi tawa muka je. Akwai wata ruwan toka, 'yar'uwar tawa sak, zarenta siriri, saƙarta a matse. Na taɓa ta sau ɗaya na tura ta ƙasan tarin. Sannan na zaro ja mai dogon wuya, mai zaren ƙyalli a jiki. Kyau kam akwai. Na faki ido na goga ta a ƙasan haɓata, kamar buhu. Bakin hannun da na ja bai koma ba, kuma a hammata har ta fara tara ƙudundunai tun ba a sa ta ba.

Yaya ta shafa ta da tafin hannu ta ce, “Kai, laushi!” Ta gwada a kan mayafinta, don haka wuyan bai taɓa fatarta ba. Ban ce ta cire mayafin ba.

Mai shagon ya dube ni ya ce, “'Yata, ba ke ce mai goga kaya a wuya ba? Wannan kuwa…” Na ce ai Yaya launi take so. Ya dai faɗa mana idan an yanke takardar wuya ba ya karɓa. Muna shiga gida na miƙa wa Yaya almakashi da hannuna.

A hanya ta riƙe mini kafaɗa wai, “Ashe kina da amfani, Malama.” Za ki ga amfani.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Yaya ta dawo daga aiki wuyanta ja wur, har bayan kunne. Na ci abinci na ƙara.

Talata, 19 ga Nuwamba

Yau ma. Ta ce ta cire ta da rana, sanyi ya sa hannunta na rawa har ta kasa rubuta sunan baƙo, dole ta mayar. Tana ba Umma labari tana susa, Umma na buge mata hannu. Ni ina gefe ina aikin lissafi, ban taɓa jin daɗin lissafi kamar yau ba.

Rediyo har yanzu “Mai Rigar Jariri” take ce mini. Kowa ya ɗanɗana nasa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Shugabar ofishinsu ta kira ta gefe. Wani baƙo ne ya tambaya ko yarinyar da ke teburin gaba tana da ciwon fata, ya ƙi karɓar biro daga hannunta. Shugabar ta ce ba za a yi ta susa a gaban mutane ba, ta gyara kafin Litinin ko su sake tunani.

Ban so ya kai nan ba. Wuya kawai na nufa, ba aikin ba. Amma ita ma ai ba ta tambayi inda nawa zai kai ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne, Umma ta ce ko suwaitar ce, sai Yaya ta ce, “Haba Umma, Malama ce fa ta zaɓa. Ita ba ta kuskure a wannan. Fatata ce dai mara mutunci.” Ta faɗa tana shafa man shafawa, ko kallona ba ta yi ba.

Wa ya ce ta yarda da ni haka? Ban roƙe ta ba.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na biya ta shagon daga makaranta, don in gani kawai. An sayar da ruwan tokar. Mai shagon ya ce, “Yaya wuyan yayarki?” Na yi kamar ban ji ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yaya ta tafi gaishe da Goggo, ta bar jar a kan gado. Na ɗauko shuɗiyata daga ƙasan akwati. Duk tsukewar da ta yi, laushin yana nan, kuma tun da ta dunƙule ko an yanka ba ta warwarewa. Na yanka. Na yi kuka kaɗan a yankan farko, wannan tsakanina da suwaitata ne.

Na shimfiɗa shuɗin a cikin wuyan jar, da bakin hannayen, duk inda ke taɓa fata, na bi da ƙananan ɗinki yadda ba za a gani ta waje ba. Na aske ƙudundunan hammata da reza. Na goga a wuyana. Ba ƙaiƙayi ko kaɗan.

Ba don Yaya na yi ba. Don kada a ce ban iya zaɓe ba ne.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Ta dawo ba ja a wuyanta. Shugabar ba ta ce komai ba, wai a wurinta hakan yabo ne.

Da yamma ina ninke kaya ta shigo da suwaitar a hannu, ta juya wuyan waje. Ta daɗe tana kallon shuɗin. Ta san shi, ai ita ta dafa shi. Ta dube ni, na san ta haɗa komai, har da almakashin. Na jira ta kira Umma.

Sai ta zauna a bakin gado ta ce, “Malama, wai yaya ake wanke ta?”

Yaya ba ta taɓa tambayata yadda ake yin komai ba tunda aka haife ni.

Na ce ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ba cuɗa, ba murɗa, a naɗe ta a tawul a shimfiɗa a inuwa, kada a rataye. Muryata ta fita sosai, har ni na yi mamaki. Ta maimaita bayana kamar 'yar aji ɗaya, ta manta tawul ɗin.

Ban yafe ba tukuna. Na dai ce ta bari, ranar Asabar zan tsaya a kanta ta wanke. Rigata ce a ciki.