Burtalin da Na Cinye

Ƙofa, 9 ga Oktoba

Zuwa ga aminina Jaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukiya. Yaya mai ɗakinka Halima da ƙafarta? Na ba direban da ke zuwa Saminaka daga Kankia wannan takarda. 'Yarka Haulatu ta karanta maka.

Mun yanke gero. Gonata ta hanyar rafi, wadda ke ba ni dami arba'in lokacin da shanunka ke kwana cikinta da rani, bana dami tara na ɗaure. Ƙuduji mai kashe gero ya rufe ta, sai ka ce da gangan aka shuka shi. Na zuba takin zamani, ruwa ɗaya ya tafi da shi. Ƙasar ta yi fari, in ka damƙa sai ta zube ta tsakanin yatsu.

Na kasa zama gida. Sau uku nake zuwa gonar a yini, alhali babu aikin da ya rage. Matata Tani har ta daina tambayar inda za ni.

Shekara huɗu ke nan da tashinka. Don Allah ka dawo da rani. Kara da harawa duk na bar maka.

Naka,
Dawuda

Ƙofa, 20 ga Nuwamba

Aminina Jaji,

Ina gaishe ka, ina gaida mutan gida. Amsarka ta iso, tambaya ɗaya tak: ta ina shanun za su bi su sha ruwa? Kwana goma takardar na aljihuna ina juya ta.

Ka san an cinye burtali. Abin da ban taɓa gaya maka ba, ni na fara. Shekarar da muka raba gado da ƙannena rabona ya yi kaɗan, sai na tumɓuke shingen aguwa na shiga taki biyar cikin hanyar shanu. Da maƙwabcina Dalhatu ya ga ba a ce mani komai ba, shi ma ya shiga, na gabanshi suka bi. Ranar da hanya ta matse shanunka suka faɗa waken Dalhatu, aka kai ka gaban mai gari, ina zaune a wurin. Aka tambaye ni ko iyaka ta motsa, na ce ban lura ba. Da yamma ka aiko mani da nono kamar kullum, na kuma sha.

Ashe aguwar ce ke tare ruwan da ke gangarowa daga tudu. Yanzu ya haƙa kwazazzabo inda shingen yake, in na shiga ya kai mani ƙirji. Ya ci taki biyar ɗin, ya ƙara da gonar gado.

Ba don ka dawo nake faɗin wannan ba. Na gaji da riƙe shi ne.

Naka,
Dawuda

Ƙofa, 14 ga Maris

Aminina Jaji,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan zafi bai matsa maku ba.

Ranar wata Juma'a na tsaya ƙofar mai gari na faɗi abin da na yi, kowa na ji. Na mayar da aguwa layinta na dā, na jera duwatsu da buhunan ƙasa a bakin kwazazzabon. Mutum biyu sun janye iyakarsu. Dalhatu ya ƙi, ya kuma daina amsa gaisuwata.

Ƙanenka Manu ya iso da shanu tara. Wajen gonar Dalhatu ɗaya bayan ɗaya suke wucewa, ni a gaba shi a baya. Kwanansu goma sha biyu a gonata, kusurwa ɗaya suka zuba wa taki. Nan zan shuka bana, sauran in bar ta ta huta.

Manu ya ce ba za ka dawo ba, ka samu gona can, can kuma ka rufe Innarku. Allah ya jiƙanta. Ban ji ba sai yanzu.

Da zai tafi na tambaye shi ko ka ce wani abu kan takardata. Ya ce ka bar Haulatu ta karanta har ƙarshe, sannan ka ce ai ka sani, kana gangarowa rafi ka hango ni ranar da nake tumɓukar aguwar.

Jaji, duk shekarun nan ina ɓoye maka abin da ka gani da idonka. Bayan shuka, in Allah ya kai mu, zan hau mota in zo. Kada ka yanka mani komai.

Tani na gaida Halima.

Naka har kullum,
Dawuda