Kamfanin da Ba Shi da Ko Taya

Ƙofar Marke, Sakkwato
4 ga Afrilu, 1977

Aminina Istifanus,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Martha. Ina cikin tashin hankali. Wani kamfanin kwangila mai tifa goma ya maka ni Babbar Kotu, wai lambuna na bakin gulbi ya tare musu hanyar ɗibar yashi. Manajansu ya ce ko na yi nasara, kuɗin lauya sai sun sa na sayar da shi. Lambun mahaifina ne. Kai da ka shekara ashirin kana magatakardan kotu, mi zan yi?

Naka,
Maigandi

Kaduna
15 ga Afrilu

Malam Maigandi,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwantar da hankalinka. Idan kamfani ya kai ƙara, aka nuna ba shi da abin biyan kuɗin shari'a in ya faɗi, alƙali na iya sa shi ya ajiye kuɗi a kotu tukuna. In bai ajiye ba, ƙara ta tsaya. Gaya wa lauyanka. Sai dai alƙali shaida yake so, kuma mai tifa goma ba a kiransa matsiyaci.

Ka huta lafiya,
Istifanus

Ƙofar Marke
9 ga Yuni

Aminina,

Gaisuwa da godiya. Da na karanta wa maiɗakina Sadiyatu takardarka, dariya ta yi. Ka san ita ke yi wa matan direbobin kamfanin kitso. Ta ce, "Tifa goma na wa? Na haya na, daga Gusau sunka taho. Ko taya ba su da. Wata ukku ba a biya direbobin ba, matansu nan suka kuka bisa cinyata."

Ita ta lallashi matan, matan suka lallashi mazansu, direba uku suka yi rantsuwa a kotu. Alƙali ya ce kamfani ya ajiye naira dubu biyar cikin kwana talatin. Jiya wa'adi ya cika. Ofishinsu na Arkilla da kwaɗo, har allon sunansu sun cire. An kori ƙara.

Wallahi shekara ashirin da biyu muna tare, ban san matar da nake aure ba sai bana. Zan aiko maka buhun albasa.

Naka har kullum,
Maigandi

Kaduna
20 ga Yuni

Malam Maigandi,

Barka, barka! Dokar nan kowane magatakarda ya san ta, amma ban taɓa ganin wanda ya kawo mata shaida daga wurin kitso ba. Buhun farko na Sadiyatu ne. Ni na jira na biyu.

Ka gaishe ta da girmamawa,
Istifanus