Gwiwar Nezha na ciwo, ta zaci ban sani ba

Lalla Zhor, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Tun ina shekara tara idona ya rufe. Sana'ata tseren keke mai mazauni biyu: mai gani a gaba riƙe da kan keke, ni a baya ina ba da ƙarfi. Shekara shida ke nan Nezha ce a gabana. In ta ce ga kwana a hanya, in kwanto gefe. In ta ce miƙe, in miƙe, ina bin ta ido rufe, da ma a rufen yake. Saura wata huɗu a zaɓi masu zuwa gasar duniya.

To, gwiwarta ta hagu ta samu matsala, tana ɓoyewa. Wai tunda ba na ganin ɗingishinta, shi ke nan! Ta manta sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedojinmu. Duk hawan da muka yi a hanyar Ifran, a tafin ƙafata nake jin ƙafarta na saki. Ga warin man zafi da take dannewa da turare.

In na faɗa wa mai horar da mu, Si Larbi, ranar zai sauya ta. In na yi shiru, mu faɗi zaɓen, ko ta nakasa. Nezha fa, matar da mahaifiyata ke ajiye wa abincin kuskus duk Juma'a! Ina son gasar nan kamar raina, kuma ina jin kunyar son.

Mai zama a baya, daga garin Azru

’Yata,

Bar jin kunya. Gumin shekara shida ne, naki da nata, kina da haƙƙin so.

Amma kada ki fara da Si Larbi. In Nezha ta ji daga bakinsa, ko gwiwar ta warke zumuncin ba zai warke ba. Shiru ma ba tausayi ba ne: ku biyu ke gangaro tudu a kan ƙafar nan.

Ki same ta ku kaɗai, ki faɗa mata yadda kika gane. Ki ba ta mako guda ta ga likita, sannan ku je wa Si Larbi tare. Wata huɗu ba kaɗan ba ne ga gwiwar da aka kama da wuri. In kuma likita ya ce ta huta, hau da wata, ba cin amana ba ne.

Ina zaton tsoro ɗaya kuke ji. Ba kujerarta take karewa ba, gudun barin ki a hanya take yi. Faɗa mata kin sani, ki sauke mata wannan nauyin.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya kai ku tare.

Lalla Zhor